Teburin ƙarfe da katako: kafin ka biya, leƙa ƙarƙashinsa

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga shagon kayan ɗaki a Kano, Kaduna ko Abuja ka rasa shi a gaba-gaba: tebur mai saman katako mai kauri, ƙafafunsa bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka fesa wa baƙin fenti, kujeru shida kewaye da shi. Yawancinsu ba daga waje ake shigo da su ba. Mai walda ne ke haɗa ƙafafun, kafinta ya yi saman, ɗayansu ya ɗaura wannan a kan wancan. Ƙarfen daga irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka yake fitowa, katakon daga 'Yan Katako na Na'ibawa ko Dei-Dei. Wannan sharhi a kan teburin cin abinci na mutum shida ne, mai tsawon santimita 180, faɗin 90 da tsayin 75, tare da kujerunsa, kamar yadda ƙananan wuraren sana'a ke yin sa.

Tsarin kansa mai kyau ne, kuma ya fi teburin MDF zalla, wato allon garin katako da aka matse da gam, da ya cika kasuwa nesa ba kusa ba. Gara ba ta cin ƙafar ƙarfe, ruwan goge-goge ba ya kumbura ta, kuma idan saman ya tsufa ana iya cire shi a goge a sake masa banish. Ba ma sabon abu ba ne. Tun shekarun 1920 Marcel Breuer ya fara lanƙwasa bututun ƙarfe yana yin kujeru a Jamus, a 1934 kuma Jean Prouvé ya fitar da kujerarsa ta ƙarfe da katako a Faransa, wadda har yau ake ƙerawa. Matsalar tana wurin aiwatarwa, kuma mafi yawanta a waje guda take: inda katako ya haɗu da ƙarfe, a ƙarƙashin tebur, inda mai saye ba ya dubawa.

Katako yana motsi. Yana shan laimar iska ya buɗe, ta bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake yin hakan, ta tsawonsa kusan babu. A Kano, a tsakiyar hunturu, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ta haura 70. Katakon da ke zaune a irin wannan iska, ruwan jikinsa kan yi ƙasa zuwa wajen kashi 5 ko 6 a hunturu, ya hau sama da 12 a damina. Ko iroko, wanda yana cikin masu ƙarancin motsi, saman tebur mai faɗin santimita 90 zai iya ƙaruwa da raguwa da kusan santimita 1 tsakanin waɗannan lokuta biyu. Shi kuwa ƙarfe laima ba ruwansa da ita, zafi ne ke motsa shi, shi ma kaɗan: sanda mai tsawon santimita 90 ko zafi ya canja da digiri 30, motsinta bai kai rabin milimita ba. To ka ɗaure abu mai motsin santimita guda a kan abin da ba ya motsi, da sukurori takwas a matsattsun ramuka. Dole ɗaya ya ba da kai, kuma ba ƙarfen ba ne. Ko katakon ya tsage daga baki ya nufi tsakiya, ko layin gam ya buɗe, ko saman ya lanƙwashe gefunansa su ɗaga, ko sukurorin su tumɓuko. Galibi cikin Janairu ko Fabrairu abin ke faruwa, wani lokaci har da ƙara mai firgitarwa da dare, masu gida su ɗora laifin a kan "katakon bai da kyau".

Maganin ba shi da tsada ko kaɗan, shi ya sa rashin yin sa ke ba da haushi. A farantin ƙarfen da saman ke zama a kai, ramin tsakiya ne kawai zai zama zagayayye. Sauran a yi su dogaye, milimita 15 zuwa 20, tsawonsu na bin faɗin teburin, ba tsawonsa ba. A sa wa kowane noti washa mai faɗi, a ɗaure shi ya kama amma kada a matse shi har ya nutse. Da haka tsakiyar saman na nan daram, gefuna biyu na zamewa a kan ƙarfen ba tare da kowa ya sani ba. Ƙwararre har lokacin aikin yake dubawa. Idan a hunturu ake haɗawa, katakon a tsuke yake, buɗewa zai yi nan gaba, sai a sa notin ta cikin ramin, ɓangaren da ke kusa da tsakiya. Idan a damina ne sai a sa shi ta waje. Wanda ya fi kyau shi ne a dasa 'yar gidan noti ta ƙarfe mai zare, M6 ko M8 (ta noti mai kaurin milimita 6 ko 8), a cikin katakon, domin a iya kwancewa da mayarwa sau da yawa ba tare da ramin ya lalace ba. Sukurun da aka murɗa kai tsaye cikin katako shi ma yana yi, muddin an fara huda masa hanya, amma bayan ƙaura biyu ko uku sai ya fara juyawa a banza. Idan ka leƙa ƙarƙashin tebur ka ga baƙaƙen sukurorin nan na allon silin an cusa su ta ƙananan ramuka, ka san inda aka dosa. Suna da gautsi, karyewa suke yi maimakon lanƙwasa.

Akwai wani salon da ya fi wannan muni, kuma abin takaici shi ya fi ɗaukar ido: a yi wa saman firam na angul ayan, ƙarfen nan mai siffar L, ta ko'ina, a cusa katakon ciki cif-cif kamar hoto. Idan a damina aka yi, hunturu na zuwa za a ga rata a gefe, tsabar shinkafa da miya na shiga ciki. Idan a hunturu aka yi, damina na zuwa katakon ya rasa inda zai buɗe, sai ya yi tozo a tsakiya ko ya fasa walda a kwana. Wannan salon da filawud ya dace, domin shi ba ya motsi irin haka. Wanda ya nace sai da katako zalla, to a bar ratar milimita 5 zuwa 6 a kowane dogon gefe.

Sai katakon kansa. Mafi yawan katakon tebur daga kudu yake zuwa, inda iska ke da laima duk shekara, kuma sau da yawa ba a daɗe da yanka shi ba. Falanki mai kaurin inci 2 watanni yake bukata kafin ya bushe har ciki, a jere a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a kuma shafe bakunansa da fenti don kada su riga jikin bushewa su tsattsage. Jingina shi a bango cikin rana ba busarwa ba ce: waje ya ƙone, ciki na jiƙe. Nan ne gaggawar kayan amarya ke yin ɓarna. An sa biki saura mako uku, an ba da aiki, kafinta ya je ya sayo falanki yau, gobe ya hau yankawa. Ranar jere tebur na ƙyalli, kafin shekara ta zagayo ya buɗe baki. Na'urar gwada ruwan katako 'yar ƙarama ce, ana samunta, kuma kafintan da ke da ita ya cancanci a ƙara masa kuɗi. A arewa, katakon cikin ɗaki ya kamata ya nuna wajen kashi 8 zuwa 10. Wanda ba shi da na'ura zai iya yanko guntu daga falankin ya riƙa auna nauyinsa duk mako. Ranar da nauyin ya daina raguwa, katakon ya zauna.

A cikin itatuwan da ake samu, iroko ne zaɓi na farko: ba ya yawan motsi, ƙwari ba sa son sa, kuma launinsa na ƙara duhu da kyau idan ya kwana biyu. Yana da maiƙo, don haka a goge bakin da tina kafin a sa gam, kuma ƙurarsa na damun masu aiki, a rufe hanci. Maɗaci yana da tauri da jan launi mai kyau, sai dai zarensa a harɗe yake, idan wuƙar inji ba ta da kaifi sai ta yayyage shi. Tik na gona yana da kyau idan an cire farin gefen. Malaina ba ta da laifi wajen zama lafiya, amma tana da laushi, cokali ma na iya yi mata tabo, kuma ita ake yawan rinawa ja a sayar da sunan mahogani. Ɗan karce ƙarƙashin saman da makulli, idan fari ya leƙo ka gane. Obeche bai dace da saman tebur ba sam, ya yi laushi kuma ƙwaron nan mai zubo da gari yana ƙaunarsa. Baƙar afara kuwa ba ta shiri da ƙarfe: idan ruwa ya shiga tsakaninsu sai baƙin tabo ya fito kewaye da kowane sukuru, shi ya sa ake so a yi amfani da sukurun da ba ya tsatsa, a kuma fente farantin kafin a ɗora katako. Maɗobiya kowa ya san kyanta, amma saran da aka yi mata don fitarwa China ya yi yawa, har tun 2017 take cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Tebur ba ya rasa abin yi don ba ita.

Yadda aka haɗa falankan ma abin dubawa ne. Faɗin kowanne kada ya wuce santimita 10 zuwa 15, domin falanki mai faɗi ya fi saurin lanƙwashewa. A miƙar da bakunan sosai a inji, a shafa farin gam na katako, a matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, a bar shi ya kwana. Gam ɗin roba mai wari da ake manna fomaika da shi ba na wannan aikin ba ne. Haka nan buga katako a gicciye ta ƙasa da gam da ƙusa don wai ya riƙe falankan, laifinsa ɗaya da na matsattsun ramuka. Idan ana tsoron lanƙwashewa, a sa ƙarfe mai siffar U guda biyu ko uku a gicciye, su ma da dogayen ramuka. Saman iroko mai kaurin santimita 4 a wannan girma zai kai wajen kilo 40. Idan mutum ɗaya ya ɗaga shi ba tare da nishi ba, ko ba iroko ba ne, ko kaurin a baki kawai yake, an liƙa masa leɓe. Duba ƙarshen teburin: katako na gaske ana ganin zoben itacen a wurin, MDF mai rufi kuwa tef aka manna.

Ta ɓangaren ƙarfe, inda ake rage kuɗi shi ne kaurin bututu, tunda bayan fenti ba mai ganewa. Bututu mai inci 2 da 2, wato milimita 50, ana sayar da shi a kauri daban-daban, daga ƙasa da milimita 1 zuwa sama da 2. Teburin mutum shida na son milimita 2, mafi ƙaranci 1.5. Nauyi ne ke tona asiri: mita ɗaya na mai kaurin 2 kusan kilo 3 ne, na mai kaurin 1 kuwa rabin haka. Ka karkata teburin ka cire robar ƙafa ɗaya, za ka ga kaurin da idonka. Siririn bututu ba wai karyewa yake yi nan take ba. Walda ce ba ya ɗauka. Sandar walda mai geji 12 ma hudawa take yi idan wuta ta ɗan yi yawa, sai mai walda ya koma ɗiga-ɗiga, ya bi da giranda ya cinye rabin abin da ya ɗiga, ya cike ramukan da filar masu gyaran mota, fenti ya rufe komai. Kwanar ta fito sumul, amma abin da ke riƙe da ita bai taka kara ya karya ba. Ɗan maganaɗisu ya isa gwaji: a jikin bututu zai kama da ƙarfi, inda fila ta yi kauri zai yi sako-sako. Sannan ka duba cikin kwanar, inda giranda ba ta kaiwa. Walda mai kyau layi ce guda mai ci gaba, ba ƙuraje ba.

Farantin da saman ke zama a kai ya zama shimfiɗaɗɗen ƙarfe (filat-ba) mai kaurin milimita 5 ko 6. Ƙafafu biyu masu siffar akwati, ɗaya a kowane ƙarshe, suna da ƙarfi ta faɗi amma ba ta tsawo ba. Ka tsaya a ƙarshen teburin ka tura shi da ƙugu. Idan ya yi lilo, babu abin da ke riƙe da ƙafafun sai sukurorin cikin katako, kuma kullum sassautawa za su yi. Ana bukatar sanda da za ta haɗa su, ko a sama dab da katako ko a ƙasa ta tsakiya, kuma gara ta noti da ta walda, saboda ranar ƙaura da hawa bene. Idan a sama take, a tabbata daga ƙasa zuwa ƙarƙashinta akwai aƙalla santimita 63, in ba haka ba cinyar babban mutum ba za ta shiga ba. A janye ƙafafun ciki da santimita 25 zuwa 30 daga kowane ƙarshe don na zaune a kai ya samu wurin gwiwa. Da yawa ana kai su can baki don kyan gani, sai teburin mutum shida ya koma na mutum huɗu da biyu masu zaman karkace. Ƙafafun nan sirara na lanƙwasasshen rodi kuwa a bar wa teburin tsakiyar falo.

Fenti shi ne inda aikin gida ya fi faɗuwa. Sabon bututu yana zuwa da mai a jikinsa, wani da ɓawon baƙi na masana'anta. Idan ba a goge da samfefa an wanke da tina ba, duk abin da aka fesa a kan mai ya zauna, farce ma ɓare shi yake yi. Tsarin da ke daɗewa shi ne gogewa, wankewa, jan fenti mai hana tsatsa shafi biyu, sannan fentin mota shafi biyu, kowanne ya bushe kafin na gaba. Fentin gari da ake gasawa a tanda a zafin digiri 180 zuwa 200 ya fi duka jure karce, ana kuma samun masu yin sa a manyan birane. Yana da wani amfani na gefe: filar mota ba ta jure tanda, don haka ƙafar da aka gasa dole waldarta ta kasance ta gaskiya. Illarsa ita ce idan ya ɓare ba a iya yi masa faci mai kyau a gida. Wasu na sayen bututu mai rufin tutiya don gudun tsatsa, su shafa masa fentin mai na gama-gari, bayan watanni ya riƙa saluɓewa. Irin wannan bututu na da nasa fentin ƙasa, hayaƙin waldarsa kuma na sa zazzaɓi. A cikin ɗaki ba a bukatarsa.

Tsatsa daga ƙafa take farawa, daga ciki. Bakin bututu a buɗe yana shan ruwan mofa kullum, yana karce tayil, kyankyasai kuma su samu gida. A toshe shi da walda, a dasa noti, a sa ƙafar roba mai murɗawa wadda ke ɗaga shi santimita 1 daga ƙasa. Ita ce kuma ke maganin tebur mai rawa a daɓen da bai daidaita ba, maimakon a riƙa cusa masa kwali.

Banish na saman, a taƙaice: samfefa 80, 120, 180, sannan 220, a bi tsawon zare. Wanda ake fesawa mai bushewa cikin mintuna yana da sheƙi amma ba ya jure kofin shayi mai zafi ko gindin kula, farin zobe yake bari. Banish irin na foliyuritan shafi uku ya fi dacewa da teburin da za a ci tuwo a kai. Kuma a shafa wa ƙasan daidai da saman. Idan fuska ɗaya a rufe take ɗaya a buɗe, laima ta gefe guda za ta riƙa shiga, saman ya lanƙwashe. Maganin gara mai wari da ake shafa wa katakon rufi ba shi da wuri a kan abin cin abinci.

Kujerun su ne mafi rauni a cikin saitin, kusan ko'ina. Dalili shi ne yankan kwana 90 ya fi sauƙi, sai a miƙar da bayan kujera tsaye ƙiƙam, mutum ya zauna kamar yana jiran layin asibiti. Bayan ya kamata ya kwanta kaɗan, wajen digiri 100 zuwa 105, mazaunin ya yi tsayin santimita 45 ko 46, ta yadda tsakaninsa da saman tebur zai zama kusan 30. Bututu mai milimita 25 da kaurin 1.5 ya isa. Inda kujera ke mutuwa shi ne mahaɗar mazauni da ƙafar baya, saboda mutane na jingina su ɗaga ƙafafun gaba. Prouvé ya gane haka tun tuni, shi ya sa ƙafafun bayan kujerarsa manya ne masu faɗi, na gaba kuwa siraran bututu. Namu duka huɗun iri ɗaya ake yi, ba ko ɗan ƙarfen tallafi a kwana. Ka sa gwiwa a kan mazaunin ka ja bayan da hannu, idan ka ji motsi ko ƙara ka ajiye. Mazaunin katako kuma yana son 'yar roba tsakaninsa da ƙarfen. Charles da Ray Eames a kan faifan roba suka ɗora filawud ɗin kujerunsu na tsakiyar shekarun 1940, don ya ɗan motsa da jikin mai zama kuma kada ya riƙa gogar ƙarfe. Guntun tsohon tub na mota ma yana yin wannan aikin, haka a gadon ƙarfe mai kuka.

Ga mai son saye, wanda aka riga aka gama aka ajiye a shago ya fi haɗari, domin ba a san yaushe aka yanka katakon ba, fenti kuma ya rufe sauran. Sai dai idan ya riga ya ga hunturu ɗaya a shagon bai tsage ba, wannan shaida ce mai ƙarfi. Bayar da aiki ya fi, da sharaɗin a rubuta irin katako, kaurinsa bayan gogewa, kaurin bututu, irin fenti da dogayen ramuka, a kuma je a ga ƙafafun kafin a fesa musu komai. A nemi wurin da mutum ɗaya ke da alhakin aikin duka. Idan mai walda daban, kafinta daban, ranar da tebur ya tsage kowa ɗan'uwansa zai nuna. Araha ba ta ado, amma a nan tsada ma ba ta tabbatar da komai: ana ganin matsattsun ramuka a shagunan da ke da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki.

Wanda nasa ya riga ya tsage, kada ya yi saurin cusa masa garin katako da gam, domin damina na zuwa tsagar za ta rufe ta matso cikon waje ko ta ƙara gaba. A kwance saman, a faɗaɗa ramukan farantin da zagayayyen magagari ko injin huda su zama dogaye. Idan a layin gam ya buɗe, ko tsagar miƙaƙƙiya ce, a bi ta da zarto a raba saman biyu, a miƙar da bakunan, a sake haɗawa da gam da kilam. Abin da za a rasa a faɗi bai wuce 'yan milimita ba. Idan tsagar a karkace take kuma gajera ce, a dasa mata 'yar makullin katako mai siffar malam-buɗe-littafi a gicciye ta ƙasa don ta tsaya nan, sannan a cike ta. A yi wannan aiki a ƙarshen hunturu, lokacin da katakon ya gama tsukewa, a shafa wa fuskokin biyu banish kafin a mayar da shi kan ƙarfen.